Yadda Ake Girka Mitar Zafi Ba Tare da Bututu Ya Ɓata Mata Awo Ba

A ƙasashen da hunturu ke da tsanani, irin su Denmak, Jamus, Suwidin da Folan, ana sayar da zafi ne kamar yadda ake sayar da wutar lantarki. Tasha guda ce ke dafa ruwa, a tura shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje da asibitoci da makarantu, ya sauke zafinsa sannan ya koma a sake dafa shi. A Denmak kusan kashi biyu cikin uku na gidaje da wannan hanya suke ɗumama ɗakunansu. Abin da ke raba gardama tsakanin mai sayarwa da mai saye shi ne mitar zafi, kuma irinta ce ake ɗaurawa a Dubai da Doha, da duk wani babban gini da ake raba wa 'yan haya ruwan sanyi daga inji ɗaya, sai dai a can sanyi take ƙirgawa.

Mitar tana da sassa uku. Akwai ma'aunin kwarara, wanda ke ƙirga yawan ruwan da ya wuce. Akwai tsinkayen auna zafi guda biyu, ɗaya a bututun zuwa, ɗaya a bututun dawowa. Sai akwatin lissafi, wanda ke ninka yawan ruwan da bambancin zafin bututun biyu da kuma wani adadi da ya dogara da nauyin ruwa da ƙarfinsa na riƙe zafi. Lita 1,000 ta ruwa da ta sauke digiri 30 ta bar kusan kilowat-awa 35 a cikin gini. Tun da ninkawa ake yi, duk kuskuren da ya shiga ƙirgen ruwa yakan fito daidai da girmansa a takardar biyan kuɗi: idan ma'aunin ya yi ƙarin kashi 3 cikin 100, kuɗin ma ya yi ƙarin kashi 3, wata bayan wata, har ranar da aka cire mitar.

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1434, tare da dokar kayan awo ta Tarayyar Turai mai lamba 2014/32/EU, ta kasa ma'aunan kwarara aji uku. Mai aji na 2 an yarda ya kauce da kimanin kashi 2 cikin 100 idan ruwa na gudu a ma'auninsa na kullum, wanda ake rubutawa qp a jikin mita, iyakar tana faɗaɗa yayin da gudun ke raguwa, amma ba ta wuce kashi 5. Mai aji na 3 yana farawa ne daga kashi 3. Abin da nake so mai aikin famfo da injiniya su riƙe shi ne cewa waɗannan alkaluma an same su ne a ɗakin gwaji, a kan bututu miƙaƙƙe mai santsi, cike da ruwa mai tsabta wanda ba iska a cikinsa. Ɗakin injin da ke ƙarƙashin bene ba haka yake ba. Takardar shaidar mita tana ba da labarin mitar ne kaɗai, sauran ingancin awon yana hannun wanda ya zaɓi wurin da za a yanka bututu.

Mataki na farko: a san yadda ruwa ke tafiya a cikin bututu

Ruwa ba ya tafiya da gudu ɗaya a duk faɗin bututu. Wanda ke gogar bango kusan a tsaye yake, na tsakiya kuwa shi ne mafi sauri. Osborne Reynolds ya nuna a Mancesta a 1883, ta hanyar zuba rini a bututun gilashi, cewa tafiyar iri biyu ce. Idan gudun ya yi ƙasa, ruwan na tafiya a natse, layi-layi, kuma gudun tsakiya yakan ninka matsakaicin gudu sau biyu. Idan gudun ya ƙaru, ruwan na cakuɗa da kansa, sai gudun tsakiya ya zarce matsakaici da kimanin kashi ɗaya cikin biyar kawai. Ruwan zafi ya fi saurin shiga yanayi na biyu domin ya fi tsinkewa: kaurin ruwa mai digiri 80 ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na kaurin ruwa mai digiri 20 da kaɗan kawai. Masu ƙera mita sun san wannan, sun kuma saka gyaransa a cikin lissafinta, bisa sharaɗin cewa ruwan ya iso a daidaice, wato gudunsa na dama ya yi daidai da na hagu, na sama daidai da na ƙasa.

Wannan sharaɗin ne kayan haɗin bututu ke karyawa, kuma ta fuska biyu suke yi. Ta farko ita ce karkata. Duk wanda ya tsaya a bakin kogi da damina ya ga yadda ruwa ke cin gaɓar waje a inda kogin ya yi kwana, yana tara yashi a gaɓar ciki. Haka gwiwar bututu ke yi: tana jefa ruwa mai sauri zuwa bangon waje, ta bar na ciki a baya. Ta biyu ita ce murɗawa, inda ruwan ke tafiya gaba yana kuma juyawa kamar guguwa. Karkata takan warware bayan tazara mai ɗan dama domin bangon bututu na gyara ta. Murɗawa kuwa tana da taurin kai, a bututu mai santsi tana iya rayuwa har tsawon da ya ninka faɗin bututun sau hamsin ko fiye.

Mataki na biyu: a tantance irin ma'aunin da ke hannu

Ba kowane ma'auni ne ke jin ciwon waɗannan abubuwa daidai da ɗan'uwansa ba, don haka kafin a ɗauki tef a fara awo, a duba ko wane iri aka kawo.

Mafi yawan mitocin yau na sauti ne, sautin da kunne ba ya ji. Na'urori biyu ne ke jefa wa juna sauti ta cikin ruwa, sau ɗaya tare da gudun ruwan, sau ɗaya akasinsa, sai a auna bambancin lokacin isa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a sakan a cikin ruwa, ruwan kuma galibi ba ya wuce mita ɗaya ko biyu a sakan. A tazarar santimita 10, idan ruwa na gudun mita ɗaya a sakan, bambancin lokacin bai kai kashi 90 cikin biliyan na sakan ba. Abin lura shi ne ma'aunin ba ya ganin duk ruwan da ke bututu, yana ganin wanda ke kan hanyar sautin ne kawai, sannan ya ƙiyasta sauran. Idan gwiwa ta ture ruwa mai sauri zuwa kan hanyar sautin, mita za ta ƙirga fiye da gaskiya. Idan ta kawar da shi gefe, za ta ƙirga ƙasa da gaskiya. Murɗawa kuma tana ƙara wa sautin gudun gefe wanda mita ke ɗauka a matsayin gudun gaba. Ƙananan mitocin gidaje sun fi juriya, domin an matse cikinsu an kuma sa madubai masu karkatar da sauti, har sautin ya kusa cika duk hanyar ruwan. Manyan mitoci masu hanyar sauti ɗaya ko biyu su ne suka fi rauni, su ne kuma ke ƙirga zafin da ya fi kowane tsada.

Masu farfela su ne tsofaffin hannu. Mai kafar ruwa ɗaya, inda ruwa ke bugun farfela daga gefe guda, yana jin karkata ƙwarai. Mai kafofi da yawa ya fi haƙuri domin yana raba ruwan kewaye da farfelar. Babban nau'in da ake kira Woltman, mai farfela a tsakiyar hanyar ruwa, murɗawa ce abokiyar gabarsa: idan ruwan ya zo yana juyawa ta inda farfelar ke juyawa ko akasin haka, gudun farfelar zai sauya alhali yawan ruwan bai sauya ba.

Masu maganaɗisu suna auna 'yar wutar lantarkin da ruwa ke haifarwa idan ya ratsa filin maganaɗisu. Sun fi sauran juriya, masu ƙera su kan nemi miƙaƙƙen bututu mai ninki biyar na faɗi a gaba, wato ta inda ruwa ke shigowa, da ninki biyu ko uku a baya, ta inda yake fita, amma baƙin garin ƙarfe da ke yawo a ruwan ɗumama gida yana iya kwanciya a bangonsu ya rage abin da suke gani.

Mataki na uku: a bi bututun da ƙafa, daga wurin mita zuwa inda ruwa ya fito

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma na fi ba muhimmanci. Zanen injiniya yakan nuna mita a kan layi miƙaƙƙe, amma a ɗakin inji an kauce wa ginshiƙi, an kauce wa bututun iska, an sauko an sake hawa. A tsaya a wurin da ake son sa mitar, a juya baya ga inda ruwa zai tafi, a bi bututun a hankali ana rubuta duk abin da aka tarar da tazarar da ke tsakaninsa da mitar. A ci gaba da bi har a wuce abu na biyu da na uku, domin wanda ya fi kusa ba lallai ne shi ne mai ɓarna ba.

Gwiwa ɗaya matsala ce mai sauƙi. Tana kawo karkata da 'yan guguwoyi biyu masu juyawa akasin juna, waɗanda kan cinye junansu ba da jimawa ba. Gwiwoyi biyu da ke kwance a shimfiɗa ɗaya, kamar harafin S ko U, su ma da dama-dama. Abin tsoro shi ne gwiwoyi biyu a jere waɗanda ba su kwanta a shimfiɗa ɗaya ba, misali bututu ya sauko daga rufi, ya kwanta ya nufi gabas, nan take kuma ya karya ya nufi arewa. Gwiwar farko ta tura ruwa gefe, ta biyu ta kama wannan ruwan da ya karkata ta murɗe shi, sai ya fito yana juyawa gaba ɗaya ta fuska guda, ga kuma karkata a tare. Saboda wannan haɗin ne gwajin amincewa da sabon samfurin mita, wanda kashi na huɗu na EN 1434 ya tsara, ya ƙunshi sa wata na'ura mai murɗa ruwa a gaban mitar don a ga yadda za ta yi. Hukumar awo ta Jamus, PTB, ta daɗe tana nazarin wannan al'amari a ɗakunan gwajinta. Idan aka tarar da irin waɗannan gwiwoyi, shawarata ita ce a nemi wani wurin tun kafin a fara tunanin magani.

Bawul, wato abin buɗe da rufe hanyar ruwa, idan ba a buɗe shi duka ba yana tofo ruwa ta gefe ɗaya kamar tiyon da aka danne bakinsa da yatsa, kuma munin abin shi ne siffar tofin na sauyawa duk lokacin da bawul ɗin ya motsa, don haka kuskuren ba ya tsayawa a adadi ɗaya balle a yi masa gyara. Bawul mai daidaita gudu, na hannu ne ko mai sarrafa kansa, wurinsa bayan mita ne. Na gaban mita na rufewa ne kawai don ranar gyara, ya kasance mai ƙwallo wanda raminsa ya yi daidai da faɗin bututu, a buɗe shi har ƙarshe. Bawul mai faifai a tsakiya, ko a buɗe yake, faifan na nan cikin ruwa yana raba shi biyu, don haka a lissafa shi cikin masu tada ruwa.

Famfon tura ruwa yana fitar da ruwa a murɗe kuma da bugu-bugu, saboda haka ba a manna mita a bakinsa na fita. Ba a kuma sa ta dab da bakinsa na zuƙa, domin a nan matsi ya fi ko'ina ƙasa. Mahaɗa mai siffar T inda ruwan reshe biyu ke gamuwa tana da nata sharri: idan zafinsu ya bambanta, ba sa gauraya nan take, mai zafi ya bi sama, mai sanyi ya bi ƙasa. Gudun sauti na sauyawa da zafin ruwa, tsinken auna zafi kuma zai karanta na layin da ya taɓa ne kawai, sai kuskure ya shigo ta ƙofa biyu. Masu ƙera mita da dama sun rubuta cewa a bar tazarar aƙalla ninki goma na faɗin bututu bayan irin wannan mahaɗa.

Sauran ƙananan abubuwa su ma a rubuta su: matatar datti, bawul mai hana ruwa komawa, da aljihun tsinken auna zafi. Tsinken da ke gefe ɗaya da ma'aunin kwarara a sa shi bayan ma'aunin, domin a ƙaramin bututu shi kansa sanda ce da aka gitta a hanyar ruwa.

Mataki na huɗu: a auna miƙaƙƙen bututu da faɗinsa

Ana lissafa tazara ne da ninkin faɗin bututu, wanda ake rubutawa DN. Ninki goma a bututun DN 25 santimita 25 ne kacal, a DN 100 mita ɗaya ne, a DN 300 mita uku. Shi ya sa matsalar wuri ta fi kama manyan mitoci. Idan littafin mita ya faɗi tazara, ita ce doka, kuma a ɗauke ta a matsayin mafi ƙaranci. Idan bai faɗa ba, ninki goma a gaba da biyar a baya mafari ne mai kyau bayan gwiwa ɗaya, bayan famfo ko bawul mai daidaita gudu ko gwiwoyi biyu masu murɗawa kuwa a ba da duk tazarar da ɗakin zai iya bayarwa.

Za a ga wasu mitoci an rubuta musu U0 da D0, alamar da aka aro daga ƙa'idar mitocin ruwan sha, ISO 4064, ma'ana ba sa buƙatar miƙaƙƙen bututu a gaba ko a baya. Ban ce ƙarya ba ne. Ma'anarsa ita ce mitar ta ci gwajin tada ruwa ba tare da ta fita daga iyakar ajinta ba. Amma zama cikin iyaka ba ya nufin kuskure bai motsa ba, mitar da ke kan sifili tana iya komawa kusa da kashi 2 kuma har yanzu a ce ta ci. Gwajin ma siffa ɗaya ko biyu ta tashin ruwa yake kwaikwayo, ɗakunan inji kuwa kowanne da tasa. Littattafan irin waɗannan mitoci da yawa suna ƙara jimla ɗaya a ƙasa, cewa idan tashin ruwan ya yi tsanani a bar miƙaƙƙen bututu. Idan wurin na nan, ban ga dalilin ƙin amfani da shi ba.

Miƙaƙƙen sashen dole faɗin cikinsa ya zo daidai da bakin mitar. Ana zaɓar mita ne bisa yawan ruwan da zai bi ta, ba bisa girman bututun da aka tarar ba, domin mitar da ta yi girma takan ƙare rayuwarta tana aiki a can ƙasan ma'auninta inda iyakar kuskure ta fi faɗi. Sakamakon haka sau da yawa mitar takan fi bututu ƙanƙanta, sai an rage faɗi. A yi ragin da mazurari mai gangara a hankali wanda tsakiyarsa ta daidaita, a kuma yi shi kafin miƙaƙƙen sashen ya fara. Ragi ba ya kashe murɗawa, kada a dogara da shi don haka. Faɗaɗawa dab da gaban mita ta fi ragi muni, domin ruwa na rabuwa da bango ya bar wuraren da yake juyawa baya.

Mataki na biyar: idan ɗakin ya ƙi ba da wuri

Hanya mafi arha sau da yawa ita ce a sauya jeri: a mayar da bawul bayan mita, a matsar da matata nesa da mita, ko a juya gwiwa ɗaya don su biyun su kwanta a shimfiɗa guda. Idan hakan ya faskara, a nemi mita mai hanyoyin sauti da yawa. Daga nan ne ake zuwa ga madaidaicin ruwa, wato abin da ake sawa cikin bututu a gaban mita don ya daidaita tafiyar ruwa. Nau'in da ke kama da damin ƙananan bututu yana kashe murɗawa amma ba ya gyara karkata sosai. Nau'in faranti mai ramuka yana taɓa duka biyun, sai dai yana cin matsi, yana tara datti, shi ma kuma yana buƙatar tazara a gabansa da bayansa. Kada a sa wanda maƙerin mitar bai amince da shi ba, domin madaidaicin da aka manna a bakin mita wani sabon mai tada ruwa ne.

Mataki na shida: a kula da iska, matsi da ɓangaren da aka sa mitar

Kumfar iska tana tare sauti, tana kuma cika wurin da ruwa ya kamata ya cika. Iska kullum sama take nema, don haka ba a sa mita a ƙololuwar bututu, ba a kuma sa ta a sashen da ke gangarowa zuwa buɗaɗɗen baki. A bututun tsaye an fi son ruwa mai hawa. A bututun kwance, yawancin masu ƙera mitar sauti suna so a karkatar da ita yadda na'urorin sautin za su kasance a gefe, ba a sama inda iska ke taruwa ba, ba kuma a ƙasa inda laka ke kwanciya ba. Littafin kowace mita na da zanen kusurwar da aka yarda. Masu farfela kuwa akwai na kwance, akwai na tsaye, kuma ba a musanya su.

Idan matsi ya faɗi a cikin maƙogwaron mita, ruwan zafi na iya tafasa a wurin ya fitar da kumfar tururi ko da zafinsa bai kai digiri 100 ba. Saboda haka ake neman matsi a bayan mita, galibi ba ƙasa da bar ɗaya ba (bar ma'aunin matsi ne) a gudun kullum, fiye da haka idan ruwan ya fi zafi ko gudun ya kai ƙarshe. Wannan ƙarin dalili ne na sa bawul mai daidaita gudu a baya, domin yana riƙe wa mitar matsi.

A kuma karanta fuskar akwatin lissafi, an rubuta ko mitar ta bututun zuwa ce ko ta dawowa. Lita 1,000 ta ruwa mai digiri 80 nauyinta kusan kilo 972 ne, ta mai digiri 40 kuma kilo 992. Mitar da aka saita don dawowa aka ɗaura a zuwa za ta ɗauki ruwa mara nauyi a matsayin mai nauyi, kuskuren kusan kashi 2 cikin 100 ke nan, ba tare da wata gwiwa ko bawul ba. A ginin da ke shan megawat-awa 500 a shekara, alal misali, megawat-awa 10 ne ake biya ba a sha ba. Ruwan da aka gauraya da maganin hana daskarewa shi ma yana buƙatar mitar da aka saita dominsa.

Mataki na bakwai: ɗaurawa

Ba a yin walda mita na kan layi, ba a kuma wanke sabon bututu ta cikinta. A sa guntun bututu mai tsawonta a gurbinta, a gama walda, a kora ruwa har tartsatsin ƙarfe da yashi su fita, sannan a cire guntun a sa mitar. A duba kibiyar da ke jikinta ta fuskanci inda ruwa ke tafiya. Bakunan bututun biyu su kalli juna da kansu, idan sai an ja su da ƙarfi kafin ƙusoshi su shiga, to mitar ce za ta ɗauki wannan nauyin, kuma za a sami ɗan tudu a mahaɗa.

Gaskit, zoben da ake matsewa tsakanin bakin mita da na bututu don hana yoyo, shi ne ƙaramin abin da ya fi ba ni takaici a wannan aiki. Na taɓa tsayawa a ɗakin injin wani bene inda aka shafe watanni ana jayayya tsakanin masu gida da masu kawo zafi, domin jimillar ƙananan mitoci ta ƙi haɗuwa da babbar mita fiye da abin da asarar zafi a bututu za ta iya bayyanawa. An zargi akwatin lissafi, an sauya tsinkaye, ba abin da ya canza. Ranar da aka kwance ƙusoshin bakin shiga, na haska tocila cikin bututun, sai ga gaskit ya zame ƙasa tun ranar ɗauri, gefensa na sama ya leƙo cikin hanyar ruwa kamar jinjirin wata, faɗinsa bai kai farce ba. Gefen ya yi laushi ya lanƙwashe ta inda ruwa ke bi, baƙin gari ya taru a bayansa. Daga waje ba ɗigo ko ɗaya, aikin tsaf a ido. Tun daga ranar nake gwada ramin gaskit a bakin mita kafin in ɗaura, in tabbatar bai fi ramin bututu ƙanƙanta ba, in sa ƙusoshin ƙasa biyu su riƙe shi a tsakiya, sannan in ɗaure sauran a gicciye, kaɗan-kaɗan. A mahaɗa mai zare kuma a kula kada zaren toshe yoyo ya yi yawa har ya kutsa ciki. Ɗinkin walda da ya tsiro ta ciki a kusa da mita shi ma a goge shi.

Mataki na takwas: gwaji bayan ɗauri

A buɗe bawul a hankali, na gaba tukuna, a bar layin ya cika, a fitar da iska ta mafitarta, famfo ya yi aiki na ɗan lokaci. Sannan a duba fuskar mita. Yawancinsu na nuna gudun ruwa na wannan lokacin, da zafin zuwa da na dawowa, da lambar matsala idan akwai iska ko ruwa na tafiya baya. Gudun da ke tsalle sama da ƙasa alhali famfo da bawul ba su motsa ba alama ce ta iska ko tashin ruwa mai tsanani. A rufe bawul biyun a ga ko gudun ya koma sifili. A kwatanta abin da mitar ke nunawa da gudun da aka tsara wa ginin da kuma wanda famfo ke nunawa idan yana da fuska. Wannan kwatanci ba zai kama kashi ɗaya ko biyu ba, amma zai kama babban kuskure.

Ana iya kawo ma'aunin sauti na ɗaurawa a bayan bututu don a gwada, da sharaɗin a tuna cewa shi ya fi mitar da ake tuhuma jin tashin ruwa, sai an nema masa nasa miƙaƙƙen wurin an kuma shigar masa da kaurin bangon bututu daidai. Idan aka ɗaura shi a wuri ɗaya aka juya shi kewaye da bututun, karatunsa ya riƙa sauyawa daga kusurwa zuwa kusurwa, wannan kansa shaida ce cewa ruwan bai daidaita a wurin ba.

Daga ƙarshe a sa hatimi a mahaɗan mitar da tsinkayenta, a ɗauki hoton layin tun daga abu na uku a gaba har zuwa na farko a baya, a rubuta tazarorin da aka auna, da lambar mita, da karatun farko, da kwanan wata. A Jamus wa'adin sake tantance mitar zafi shekara shida ne tun daga ƙarshen 2021, da can biyar ne. Idan wa'adin ya cika, mitar kaɗai ake cirewa a kai ɗakin gwaji ko a musanya, gwiwoyi da bawul na nan inda aka bar su, sabuwar mitar kuma gurbin tsohuwar za ta shiga. Hoton da takardar awon su ne za su nuna wa wanda ya zo musanyar ko gurbin ya cancanci a sake amfani da shi ko a matsar da shi.